Karan Ɗorin Maƙogwaro da Jiran Shekara Goma Sha Uku

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tafi kai tsaye.

Wannan zaure na likitoci da injiniyoyi ya fi ƙarfin a tsaya ana yi masa bayanin laushin bututun iska. Kun san jaririn da guringuntsin bututunsa bai ƙosa ba, da zarar ya yi kuka ko ya fesar da numfashi da ƙarfi sai bututun ya lotse, iska ta yanke, leɓɓa su canja launi. Kun san ƙiyasin da aka saba kawowa, yaro ɗaya cikin kusan 2,100, kun kuma san galibinsu da kansu suke warwarewa kafin su cika shekara biyu zuwa uku. Maganata a kan 'yan tsirarun da ba sa kaiwa wannan lokaci ne sai da na'urar numfashi a gefen gado. An samo musu dabara tun 2012, amma binciken da zai tabbatar da ita ya yi ta jan ƙafa, kuma na ɗora laifin a kan tsarin da ya bar kayan jinyar yara a hannun kasuwa.

A watan Fabrairun 2012, a asibitin yara na C.S. Mott da ke Jami'ar Michigan a Amurka, Dakta Glenn Green, likitan kunne da hanci da maƙogwaro, tare da injiniya Scott Hollister, suka ɗauki hoton CT na ƙirjin wani jariri ɗan wata uku, suka zana abin tallafi daidai da awon bututunsa, suka ƙera shi da firintar 3D. Duk wanda ya taɓa ganin mai ɗori yana jera kara a karyayyar ƙafa ya fahimci hikimar: karan ɗori ne, sai dai na bututun iska. Siffarsa ta harafin C ce, buɗe ta gefe guda, da ƙananan hudoji a jikinsa. Ta waje ake rungumo bututun da shi, a zura zaren ɗinki ta hudojin a ɗago bangon da ya lotse. Buɗaɗɗen gefen shi ke ba shi damar saki yayin da yaro ke girma. Sinadarin da aka yi shi da shi, polikafrolakton, jiki yana narkar da shi sannu a hankali cikin kimanin shekara uku, wato daidai lokacin da ake sa ran guringuntsi ya riƙe kansa. Kwana 21 bayan tiyata aka cire jaririn daga na'urar numfashi, aka kuma ba da rahoto a mujallar New England Journal of Medicine a 2013.

Yanzu ku biyo ni kan alƙaluma, domin nan ne jigon lamarin. A 2015 ƙungiyar ta fitar da sakamakon yara uku a Science Translational Medicine, ta nuna bututunsu ya ci gaba da faɗaɗa da kara a jikinsa. A 2019 ta fitar da na yara 15 da aka sanya wa kara 29, a mujallar Laryngoscope, 12 daga cikinsu suna raye a lokacin rahoton. Ɗaya, uku, goma sha biyar, cikin shekara bakwai. Dukkansu kuma an yi musu aikin ne da izini na musamman da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ke bayarwa idan rai na cikin hatsari kuma babu wata mafita, yaro bayan yaro, takarda bayan takarda. Gwajin asibiti na ƙa'ida, tare da kamfanin Materialise na ƙasar Beljiyam, sai a 2025 aka fara shi. Izinin jinƙai ya ceci rayuka, ban musa ba, amma hujjar da yake samarwa gurguwa ce. Wanda ake ba shi shi ne mafi tsananin ciwo, sau da yawa ga ciwon zuciya ko na huhu a haɗe, don haka idan ya rasu da wuya a tantance abin da ya kashe shi, idan ya tashi da wuya a san nawa ne rabon kara, nawa ne rabon girma. Babu kuma rukunin da aka gwama su da shi, ko na yaran da aka ɗaure musu babbar jijiyar jini a ƙashin ƙirji don a saki bututun, ko na waɗanda aka ɗinke bayan bututunsu a gadon baya kamar yadda likitocin Boston suka shahara da yi. Likitan da iyaye suka tsare da tambayar wanne ya fi, har yau da ra'ayinsa yake amsawa.

Dalilin jinkirin a fili yake. Kamfani yana lissafi da yawan masu saye, masu sayen nan kuwa ba su taka kara sun karya ba, kuma kowane kara na mutum ɗaya ne, ba a zuba shi a kwali dubu-dubu. Majalisar Amurka ta san da matsalar: ta yi dokar inganta na'urorin jinyar yara a 2007, a 2016 kuma ta ɗaga iyakar sassaucin da ake yi wa na'urorin cututtuka masu wuyar samu daga majinyata 4,000 zuwa 8,000 a shekara. Sassauta ƙa'ida dai ba ya biyan kuɗin gwaji.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, domin sun sha faɗa: a tuna da likita Paolo Macchiarini. Na tuna. Daga 2011 ya dasa wa mutum uku bututun roba a asibitin Karolinska da ke Suwidin, dukkansu suka rasu, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da rabi a 2023. Amma shi cire bututun ya yi ya maye gurbinsa da roba, karan Michigan kuwa yana barin naman yaron a wurinsa, an kuma wallafa gwajinsa a kan aladu. Abin da ya ba Macchiarini rufin asiri na shekaru shi ne wannan hanya ta majinyaci ɗaya-ɗaya da sunan jinƙai, inda likita ke ba da labarin kansa da kansa. Masu kafa hujja da shi don a jinkirta gwaji, hujjata suke ƙarfafawa. Masu cewa cutar ba ta da yawa balle a kashe mata dukiya kuwa, su lissafa abin da wata shida a ɗakin kulawa ta musamman ke ci.

Shawarwarina tsofaffi ne. Gwajin na'urar da aka ƙera wa yaro ɗaya, gwamnati da jami'o'i ne ya kamata su ɗauki nauyinsa tun daga majinyaci na biyar ko na goma. Duk asibitin da ya dasa irin wannan abu ya shigar da yaron a rajista guda ta bai-ɗaya, wadda wasu daban ke dubawa, a rubuta mace-mace da matsaloli kafin nasarori. Sharaɗin ya hau kan 'yan'uwansa na fannin kunne, ko fatar kunnen da aka gina wa yara biyar daga ƙwayoyin jikinsu a ƙasar Sin aka ruwaito a 2018, ko ƙananan ƙasusuwan tsakiyar kunne na ƙarfen titaniyam da Farfesa Mashudu Tshifularo ya dasa a Pretoria a 2019. A kuma bi yaran har su balaga, domin kara yana narkewa a shekara uku, bututun kuwa yana ci gaba da girma shekara goma sha wani abu bayan haka, kuma yaran da aka fara yi wa aikin yanzu ne suke shiga wannan zango.