Gocewar Faifan Gadon Baya: Ba Kullum Ne Sai An Yi Fiɗa Ba

Batun yau shi ne ciwon nan da ke kama ƙugu ya gangara ƙafa, wanda yakan hana ɗan dako ɗaukar kaya, ya raba direba da motarsa, ya zaunar da manomi ana tsakiyar damina.

Tsakanin gaɓoɓin gadon baya akwai faifan guringuntsi guda 23, kowanne da ɓawo mai ƙarfi da ɓargo mai taushi a ciki. Idan ɓawon ya tsage, sai ɓargon ya ɓullo ya danne jijiya. Galibi abin yakan faru ne a faifai biyu na can ƙasan ƙugu. Likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, watau Mixter da Barr, su ne suka bayyana wannan a 1934, kuma daga nan fiɗa ta zama ruwan dare.

Amma fa jiki yana da nasa gyaran. Da zarar ɓargon ya fito, sai fararen ƙwayoyin jini su ɗauke shi tamkar baƙo, su yi ta cin sa, ruwan da ke cikinsa kuma ya tsotse har ya motse. Wani nazari na 2017 da ya tattara binciken likitoci ya nuna cewa wajen kashi biyu cikin uku na irin wannan gocewa sukan janye da kansu. Abin mamaki, wadda ta fi fitowa waje ita ta fi saurin narkewa.

A ƙasar Holan kuwa, a 2007, an raba majinyata 283 gida biyu. Aka gaggauta yi wa rukuni ɗaya fiɗa, ɗayan aka ce su dakata tukuna. Na farkon sun riga samun sauƙi, amma bayan shekara guda kashi 95 cikin 100 na kowane rukuni sun warke.

Saboda haka wanda abin ya sama kada ya yi hanzarin sayar da gonarsa don kuɗin fiɗa. Yawanci sauƙi yakan zo cikin mako 6 zuwa 12. Kada ya lizimci shimfiɗa fiye da kwana ɗaya ko biyu. Ya riƙa 'yar tafiya, ya sha maganin rage zafi bisa shawarar likita, ya bar taba, ya guji sunkuyawa da kaya mai nauyi. Tsaga da ƙaho ba sa kai wa ga faifan.

Sai dai akwai alamun da ba a yi musu haƙuri. In fitsari ya ƙi fita, ko bayan gida ya kuɓuce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta soma shanyewa, to, a garzaya asibiti a ranar, domin jinkiri na iya barin mutum da naƙasa har abada. In babu waɗannan, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.