Jawabin Taron Wata: Ina Bokitan Wanke Hannu Suka Tafi?

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu mata da sauran jama'ar Sabo, barkanmu da war haka.

Da tambaya zan fara. A 2014, lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas, ba wanda bai ga bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar masallaci da makaranta ba. A watan Oktoba aka ce cutar ta kau daga Nijeriya. To, ina bokitan? Wasu sun koma na jiƙa wanki. Da korona ta zo a 2020 muka sayi sababbi, su ma suka bi sawun na farko.

Kada mu ce taurin kai ne na Bahaushe. Wani masani ɗan Amurka, Everett Rogers, ya kawo labarin wani ƙauye a ƙasar Peru mai iyalai 200. Wata ma'aikaciyar lafiya ta shafe shekara biyu tana bi gida-gida domin a riƙa tafasa ruwan sha, amma mata 11 kaɗai suka karɓa. Me ya jawo? A al'adarsu, marar lafiya ne ke shan dafaffen ruwa. Ita tana ta bayanin ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, su kuwa abin da suke ji shi ne ana so lafiyayye ya mai da kansa majinyaci a idon maƙwabta. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Wanzami nawa ne zai so a ce ya canja aska ga kowane kai, alhali a ganinsa cewa ake yi shi ƙazami ne?

Amma karɓa daban, ɗorewa daban. A 2009 wasu masana biyu a Ingila, Carl May da Tracy Finch, suka fitar da wani ra'i a kan yadda sabon abu yake zama aikin yau da kullum. Suka ce sai masu aikin sun gane ma'anarsa, sun yarda nasu ne, sun sami hanyar cusa shi cikin aikin da suke yi, kuma suna waiwaye su ga ko ya yi amfani.

A ganina, a na uku muke faɗuwa. Kowa ya san amfanin sabulu, balle mu da muke alwala sau biyar. Amma wa zai cika bokitin da asuba? Wa zai biya mai garuwa? Idan sabulu ya ƙare ranar Talata, aljihun wa za a taɓa? Lokacin Ebola tsoro ne ya yi mana wannan aikin. Da tsoro ya tafi, aikin ya rasa mai shi. Ladan yana jin na kwamiti ne, kwamiti yana jin na ladan ne.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. Kada a sake sayen bokiti sai an ambaci sunan mai kula da shi a gaban jama'a, an kuma ware kuɗin ruwa da sabulu daga tarin Juma'a. Sarkin Aska da Sarkin Fawa su zauna da mutanensu, su faɗa mana da bakinsu abin da zai yiwu a rumfunansu da abin da ba zai yiwu ba. A taron wata mai zuwa sakatare ya karanto mana bokiti nawa ne ke da ruwa.