Jandarma da Maigari: Lacca a kan Tsaro a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Ya ku sarakuna, malamai da jami'an tsaro da kuka halarci wannan majalisi, zan fara da wata mas'ala wadda kowa ya sani amma ba a cika faɗinta a gaban hukuma ba, wato cewa jandarma, komai kaifin hankalinsa da ƙarfin motarsa, baƙo ne a ƙauye, alhali kuwa ɓarawon shanu galibi yana da mai masauki a ciki.

Mutanen Gidan Rumji ba su buƙatar sharhi a kan wannan. Tun shekarar 2019, sa'ad da dubban bayin Allah suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, har aka zaunar da wasunsu a Cadakori, sace mutane don kuɗin fansa ya addabi ƙauyukan bakin iyaka. Kuma ko da yake gwamnan Maraɗi na lokacin, Zakari Umaru, ya karɓi gwamnonin jihohin nan uku a Maraɗi cikin Satumba na 2019, an kuma baza dakarun aikin tsaro na Farautar Bushiya a daji, duk manomi ya san cewa maharan da suka zo da tsakar dare suka nufi gidan wanda ya sayar da sansa a kasuwar jiya ba duba suka yi ba, wani ne ya tsegunta musu. To, wannan mai tsegumi maigari ya san shi, liman ya san shi, hardo ma ya san shi, sai dai babu wanda zai buɗe baki in yana tsoron sunansa zai riga shi komawa gida daga birgadi, ko kuwa ɓarawon da aka miƙa ran Litinin za a yi sahu da shi ran Juma'a. Amana ita ce sharaɗin labari, kuma, a gafarce ni, a nan ne aka fi bin hukuma bashi.

Ba yau muka fara biyan diyyar sakaci ba. Waƙi'ar Toda ta watan Oktoba 1991, wadda ta ci rayukan Fulani fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara, husuma ce tsakanin manoma da makiyaya wadda ba a kashe da wuri ba. Dokar karkara ta 1993 ta zo da kwamitocin filaye, inda wakilan manoma da makiyaya suke zama tare da sarakuna da ma'aikata a shata burtali, ga kuma ranar sakin gonaki da hukuma ke tsayarwa bayan girbi, don ɓarna ta ƙare a sulhu kafin ta kai ga jini.

A Ɗan Saga ta ƙasar Agye kuwa, talakawa da kansu suka kafa kwamiti, maza da mata, mai gadin itatuwan da suka raya a gonakinsu, yana hukunta mai sara bisa ƙa'idar da gari ya yarda da ita, abin da ya gagare shi ya kai wa ma'aikatan gandun daji. Ban ga abin da zai hana Gazawa, wadda sai a 2011 aka yanke ta daga Agye ta zama gunduma, ta jarraba irin wannan tsari a kan satar dabbobi ba, muddin kwamitin zai tsaya ga ido da kunne, ya bar bindiga da kamu a hannun jandarma.