Ranar Da Wi-Fi Ya Ɗauke Mana: Karanta Kuskuren Kafin Ka Goge Komai



Tsofaffin kwamfutoci shida muka tara don koya wa yaran unguwarmu, muka sa musu Ubuntu 22.04. Daren Juma'a na sabunta su. Da safe, saura awa uku yara su zo, Wi-Fi ya ɗauke a dukkansu. Wani abokina ya ce mu goge komai mu sake. Na ce tsaya tukuna.

Ga abin da ya faru. Kanel shi ne zuciyar Linux, shi ke magana da kayan cikin na'ura. Direban 'yar na'urar Wi-Fi da muke soka musu ba ya cikin kanel, sai DKMS ya sake gina shi duk lokacin da kanel ya canza. To, ginin ne ya faɗi.

Na rubuta uname -r, na ga kanel ya koma 6.5. Na buɗe make.log a cikin /var/lib/dkms, na fara daga kuskuren farko, domin na ƙasa duk 'ya'yansa ne. Yana neman gcc-12. Na duba /proc/version: da gcc 12 aka gina kanel ɗin, ni kuwa 11 gare ni. Ka gane? Murfi daban, tukunya daban.

Na jona wayata da kebul na samu intanet, na sauke gcc-12 da linux-headers mai lamba ɗaya da kanel ɗin, na rubuta sudo dkms autoinstall. Wi-Fi ya dawo kafin yaron farko ya yi sallama. Laifina ne dai, da na gwada a guda ɗaya tukuna.

Akwai ɗan uwan wannan matsala. Ka gina manhaja a 22.04 mai glibc 2.35, ka kai ta 20.04 mai 2.31, sai ta ce ba ta ga GLIBC_2.34 ba. Don Allah kar ka musanya glibc da hannu, kusan komai a kanta ya jingina. Gina manhajar a tsohon tsarin, za ta yi aiki a sabon.

Abin da ke damuna shi ne, yara da yawa a nan suke ajiye karatun, su ce kansu ba ya ja. Wallahi ba kanka ba ne, lambobi biyu ne suka saɓa. Nemo su.

Wanda ya maƙale, ya turo mana layin kuskurensa na farko mu duba tare. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.