Kogin Haɗeja Da Kasuwancinmu: Wace Irin Tasha Muke Bukata?



An nemi in ɗan yi tsokaci a kan maganar da wasunmu suke yawan yi, wato ko Haɗeja za ta iya samun tashar jiragen ruwa. A ganina, kafin mu roƙi gwamnati, ya kamata mu san abin da za mu roƙa.

Bari mu fara da darasin Baro, a bakin Kogin Kwara, cikin Jihar Neja. Daga Baro ne Turawa suka shimfiɗa layin dogo ya iso Kano a 1911, domin jirgin ruwa ya sauke kaya, jirgin ƙasa ya ɗauka. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tasha a can, amma ta shafe shekaru ba ciniki, saboda babu hanya mai kyau da za a fitar da kayan. Ashe gini kaɗai ba ya yin tasha.

To, jama'a, namu kogin ba irin Kwara ba ne. Ba ya kaiwa teku. Yana bi ta fadamun Haɗeja da Nguru ne, ya haɗu da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, yawan ruwansa da rani ya dogara ne ga abin da aka sako. Ga kuma ciyawar kacalla da ta toshe magudanai da dama. Babban jirgi ba shi da wurin bi a nan.

Amma fa akwai dukiya a bakin kogin. Kifin bandar kasuwar Haɗeja har Kudu ake kai shi. Ga shinkafa da alkama da kayan lambu daga Auyo, Kirikasamma da Guri. A ambaliyar 2020 da ta 2022, ƙauyuka da yawa ba su da hanyar fita sai kwale-kwale.

Saboda haka abin da muke bukata shi ne ƙananan tashoshin kwale-kwale masu tsari: matakalar siminti ta saukar kaya, rumfunan bandar kifi masu tsafta, ɗakin sanyi, rigunan kariya ga fasinjoji, da dokar hana lodi fiye da kima, wadda sarakunan ruwa da 'yan fito za su tsare. Sai yashe magudanai, wanda ya kamata Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta dage a kai, da kuma hanyar mota daga bakin ruwa zuwa kasuwa. Kada mu manta, layin dogon da ya isa Nguru a 1930 ta Malam Madori ya bi, nan kusa da mu.

'Yan uwa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. A cikinmu akwai injiniyoyi, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Ina ba da shawara mu kafa kwamiti, ya zauna da masunta da 'yan fito, ya rubuta takarda guda da za mu miƙa wa Masarauta da Gwamnatin Jihar Jigawa kafin daminar baɗi.