Gwarzon Wakanda da Gwarzon Gida

Matasan Ƙofar Doka ta Zariya da suka kalli Wakanda Forever na 2022, wato kashi na biyu na fim ɗin Black Panther, sun ji ɗacin rashin Chadwick Boseman, jarumin kashi na farko wanda ya rasu a 2020, domin kashi na biyun yana ɗauke da makokinsa tun daga farko. Sai dai gwarzo irin Black Panther mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam ba baƙo ba ne a Zariya, inda Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933 da ta fito da littafin Ganɗoki na Bello Kagara, labarin jarumin da ya gwabza da Turawa har ya kutsa duniyar aljannu. Ya kamata mai son fim ɗin ya nemi littafin wurin masu sayar da littattafai ya karanta.