Makarantar Unguwarmu: Wa Ke da Ita, Wa Ke Riƙe da Jakarta?

Wannan ita ce laccar da akawun reshenmu ya yi wa 'yan kasuwa bayan la'asar ran kasuwa. Mun buga ta domin waɗanda ba su samu halarta ba.

Iyayena da yayyena, na gode da kuka bar rumfunanku kuka zo. Yau ba zancen zaɓe na kawo ba, zancen makarantar firamare ta unguwa na kawo, wadda kowannenmu yake tura ɗansa kullum safiya, amma da ƙyar yake leƙa ta sau ɗaya a shekara.

Ran nan yarona ya komo gida tun hantsi, ya ce an kore su sai sun kawo kuɗin alli da tsintsiya. Na fusata, na sa takalmi na tafi in yi wa hedimasta rashin mutunci. Bawan Allah bai ce mini kome ba, sai ya ce in biyo shi. Ya kai ni aji ɗaya, na iske yara zaune a ƙasa sun cunkushe, wasu a bakin taga, littafi bisa gwiwa. Ya nuna mini inda iska ta yaye kwano tun damina. Ya nuna mini bayan gida da ya rufta, watau yarinya in ta matsu sai ta tafi gida, in ta tafi kuwa ba ta komowa ran nan. Sa'an nan ya buɗe akwatin tebur, ya ce, “Malam, ga baitulmalin makaranta.” Na duba, rajista ce da guntun alli. Na koma gida jikina a sanyaye, na ce lalle sai na bi sawun kuɗin nan na ga inda suke maƙalewa. Abin da na gano shi zan gaya muku.

Da fari, ku san doka tana bayanku. A zamanin En'e, daga harajin kakanninmu da jangali ake gina elementare. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta ce ilmin firamare kyauta ne ga kowa. A 1999 aka sake ƙaddamar da shirin a Sakkwato, kana a 2004 aka yi masa doka. Dokar ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Cikin abin da ta lissafa kyauta har da littattafai, da kayan koyarwa, da ajujuwa, da kujeru, da abincin rana. Ta kuma ce wanda ya karɓi kuɗin makaranta ana iya cinsa tara har naira 10,000, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyu. Uban da ya ƙi kai ɗansa shi ma da nasa hukuncin. To, kun ji abin da ke a takarda.

Amma kyauta ba ta faɗowa daga sama, wani ne ke biya, kuma mu ne. Ke mai sayar da atamfa, kai mai kayan koli, kuna biyan kuɗin rumfa ga ƙaramar hukuma. Kayan kanti da yawa akwai harajin kashi 7 da rabi cikin 100 a kansu tun 2020. Kuɗin man fetur ma na ƙasa ne, watau namu. Saboda haka in mutum ya tambayi yadda aka yi da kuɗin makaranta, ba roƙo yake ba, lissafin dukiyarsa yake nema.

Hannu uku ke riƙe da jakar nan. Hannu na fari Gwamnatin Tarayya. Doka ta sa ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ta ba hukumar UBEC a Abuja, domin gina ajujuwa da sayen kujeru da littattafai da horar da malamai. Amma kuɗin gini da sharaɗi yake: jiha ba ta ɗauka sai ta ajiye nata daidai da shi, kamar abokan ciniki biyu da za su haɗa jari. Jihar da ba ta ajiye ba, rabonta yana nan kwance. Shekara da shekaru hukumar da bakinta tana kuka cewa biliyoyin naira sun taru ba a zo an ɗauka ba, alhali 'ya'yanmu suna zaune a turɓaya.

Hannu na biyu jiha, ta hanyar hukumar SUBEB, ita ke ba da kwangilar gini, ita ke da babbar magana a kan ɗaukar malamai da yi musu canji. Hannu na uku ƙaramar hukuma, wadda tsarin mulki ya ɗora mata hannu a kula da firamare, kuma bisa al'ada daga kasonta ake cire albashin malamai. Kason nan ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Hukunci dabam, aiki da shi dabam. Ku tambayi ciyaman ɗinku, nawa ya shigo hannunsa a watan jiya?

Kun ga dabarar? In kwano ya yaye, ƙaramar hukuma ta ce jiha, jiha ta ce Abuja, Abuja ta ce ba a zo an ɗauka ba. Hedimasta kuwa ba shi da wanda zai tura wa laifi, sai ya juyo kan uban yaro. Shi ya sa muke faɗa da shi, mu bar masu jaka suna hutawa. Malamin ma talaka ne irinmu. A 2024 aka sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma a 2025 malaman firamare na Abuja, gindin gwamnati, sai da suka yi yajin aiki fiye da wata uku a kan haƙƙinsu, yara na zaune a gida. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35. Ku je gobe ku ƙirga na ajin ɗanku da kanku.

To, mene ne abin yi? Tun 2006 aka amince kowace makaranta ta kasance da kwamitin jama'a mai kula da ita, wanda ake kira SBMC. A ciki akwai kujerar hedimasta, da wakilin mai unguwa, da iyaye, da mata, da malaman addini, da masu sana'a, har da yaran kansu. Aikinsa ya tsara abin da makaranta ke bukata, ya sa ido a kan zuwan malamai da yara, ya kai kuka gaba. A wurare da yawa sunaye ne kurum a takarda, domin mu ba mu je ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana kwana ciki.

Abu huɗu nake roƙonku. Na ɗaya, kowane layi na kasuwar nan ya zaɓi mutum guda, mace ko namiji, ya je ya tambayi su wa ke cikin kwamitin, yaushe suka zauna. Na biyu, kowane kuɗi aka ce a kawo, a faɗi na mene ne, a ba da rasit, a karanta lissafi gaban iyaye ƙarshen zango. In mun ga dama mu yi karo-karo mu sayi buta da tsintsiya, wannan alheri ne, amma kada a kori ɗan marayu don uwarsa ba ta da shi. Na uku, in an kawo kwangilar gini, ku da kuka san farashin buhun siminti da bandir ɗin kwano ku tsaya a kai. Wanda ba a cuta a mudu, don me za a cuce shi a ajin ɗansa? Na huɗu, mu rubuta takarda ɗaya zuwa ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, da ɗan majalisarmu na jiha, mu tambaya ko jiharmu ta ajiye nata kason ta ɗauko na Abuja. Ni zan rubuta, ba ko sisi, ku ku sa hannu ko ku dangwala.

Na san wani zai ce, “Malam akawu, wa zai saurari mai tumatir?” Gaskiya ne, mutum ɗaya ana iya sallamarsa da “je ka dawo”. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma mai kuɗi ya riga ya kwashe 'ya'yansa ya kai makarantar kuɗi, wannan da ta rage ta ɗan talaka ce, in mun sake ta ba wanda zai tallafe ta.

Litinin mai zuwa, ƙarfe takwas na safe, ina bakin ƙofar makaranta da takarda da alƙalami. Wanda zai zo ya zo da ladabi, mu gaisa da malamai, mu ƙirga yara da benci da kwanon da ya yaye. Allah Ya shirya mana zuriya. Haza wasalam.